Rigar Fita daga Takaba

Na koyi ɗinki a makarantar mishan, a hannun wata Baturiya wadda ba ta yabon aiki da baki. Idan ta duba gefen zane ta miƙo miki ba tare da ta ce komai ba, to aikinki ya karɓu. Idan kuwa ta ɗauki almakashi, sai ki koma farko. Da wannan hali na koyar da 'yan mata ɗinki a Tudun Wada har na yi ritaya, kuma ban taɓa jin cewa na tsananta wa kowa ba.

'Yar ƙanena ce ta gaji sana'ar, ta buɗe shago kusa da kasuwa. Ita ba ta yanka yadi sai ta fara haɗa rigar a kwamfuta. Tana da wata manhaja mai mutum-mutumi a tsaye. Ta shigar da awon mai kaya, ta faɗa wa manhajar nauyin yadin da kaurinsa, sai rigar ta sauka a jikin mutum-mutumin kamar an sa masa da hannu. Daga nan ta ɗauki hoto ta tura wa mai kaya ta waya, ko tana Doguwa ko tana Bebeji. Da yake ina zuwa da yamma ina duba mata bakin ɗinki, ta koya mini yadda ake juya abin, na kuma iya, don ba na son a ce akwai aikin allura da ya fi ƙarfina.

Abu guda ne ban yarda da shi ba, wato wurin da ta tsayar da mutum-mutumin. Manhajar tana barin mutum ya zaɓi bango da ƙasa da inda haske zai fito. Ita ta sa bango mai launin jar ƙasa, kamar katangar tsakar gida, da fitila a gaba, da wata a sama, da wata mai ƙarfi a baya, ƙasa-ƙasa, kamar rana da hantsi.

Na ce mata, "Ke, wannan wurin duba ɗinki ne ko dandalin wasa? Ana duba aiki a gaban farin bango, haske daga hagu. Haka tagogin ajinmu suke."

Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, wace mace ce za ta sa rigarta ta je ta tsaya a ajinku? Ai a tsakar gida za ta yi yawo da ita. Don Allah ki taɓa komai, amma ki bar mini fitiluna."

"Ni za ki kafa wa doka?"

"Ni na isa? Roƙo nake yi."

A cikin bazara ta haihu, ta tafi gidan mahaifinta wankan jego, shagon ya dawo hannuna. Cikin aikin da ta bari har da na wata ɗalibata ta dā, wadda take aure a Badafi, a ƙasar Kiru. Mijinta ya rasu, tana cikin takaba, ranar fitarta ta kusa. A wajenmu, ranar da mace ta fita daga takaba tana yin wanka, ta ajiye tsofaffin tufafin da ta yi zaman da su a bayar sadaka, ta sa sababbi, sannan ta fito ta gaida dangin mijin. Yayanta ne ya sayo mata boyel mai ruwan toka ya aiko da shi. Ita ba ta da halin zuwa shago a gwada mata, saboda haka hoton nan shi ne kaɗai idonta.

Da na buɗe aikin, na tarar 'yar ƙanena ta riga ta haɗa doguwar riga, ta shigar da kaurin yadin. Sai na ga ƙafafun mutum-mutumin ta cikin rigar, tun daga cinya har idon sawu, fitilar baya ta fito da su tas. Raina ya ɓaci. Na ɗauka rashin kunya ne irin na na'ura. Mace mai takaba, wadda na koya wa riƙe allura tun tana ƙarama, in tura mata hoto irin wannan da wayata? Na shiga wurin saiti, na mayar da bango fari, na kashe fitilar baya, na karkatar da ta gaba zuwa hagu, na rage inuwar ƙasa. Nan take rigar ta zauna a rufe, mai kamala, kowane layin ɗinki yana fitowa. Na daɗe ina kallonta ina jin daɗi, kamar na share ɗakin da aka bari da datti.

Na tura wa ɗalibar tawa hoton, ta kira ni.

"Malama, ina wuni. Wannan rigar ai ta fi ƙarfina."

"Ba ta fi ba. Za a sa shafi a ciki?"

"Ke me kika gani? Zafin nan ya yi yawa, Malama, kuma a hoton ban ga tana bukata ba."

"Ba ta bukata," na ce mata.

Da hannuna na ɗinka ta, ban bar wa masu taka keke ba. Yadin yana shimfiɗe a kan tebur mai duhu, a ninke, ba ya nuna komai. Na warware hannun hagu na sake, don ya ɗan fi na dama tattara. Na naɗe bakin ƙasa da allura. Na goge, na ninke, na sa a leda, ban ɗaga ta sama ko sau ɗaya ba.

Ranar fitar na shiga mota da sassafe na kai mata da kaina. Gidan ya cika da mata. An shimfiɗa wa yayyen mijin da wani malamin unguwa tabarma a inuwar rumbu, ta yamma da ɗakinta. Ta yi wanka, ta shirya, ta yafa mayafi a ka da kafaɗa. A cikin ɗaki rigar ta yi kyau ƙwarai. Wata tsohuwa, ƙanwar uwar mijin, ta shafa ɗinkin ta ce, "Kai, 'yan mishan, ko zare ba ya yi muku gardama." Na sunkuyar da kai kamar ban ji daɗi ba.

Na riga ɗalibata fitowa, na tsaya gefen mazan don in ga yadda rigar ke tafiya. Ta ɗaga labule, ta tako tsakar gida, rana tana bayanta. Abin da na kashe a kwamfuta shi na gani, ba ragi. Ɗan fatarin da ta sa a ciki ya tsaya a gwiwa, shi ma ana ganin iyakarsa. Malamin ya mayar da idonsa kan carbinsa. Babban yayan mijin ya juya yana kallon rumbu. Ita ba ta san komai ba, tana tahowa a hankali, kanta a ƙasa.

Tsohuwar nan ce ta yi sauri ta sha gabanta, ta ware zanenta na sama ta kewaye ta da shi, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "'Yar nan, kin manta turare, koma mu sa miki." Ta juya da ita ɗaki.

Na bi su. Ba wanda ya kalle ni. An dudduba akwatinta, sauran kayanta na ado duk an kai gidan iyayenta tun farkon zaman, ba wani sabo sai wannan. Wata ta ce a ara mata, tsohuwar ta ce ba a fita takaba da kayan aro. Ɗalibata tana zaune a bakin gado, ta riƙe gefen rigar tana murzawa da yatsa.

Na ce, "Hoton da na tura miki ba gaskiya ya nuna ba. Akwai fitilar da ke nuna wannan, ni na kashe ta, don na ga bai dace ki gani ba."

Ta ce, "Ba komai, Malama. Ɗinkin ai ya yi kyau."

Ta sa hannu cikin ƙullin da aka ajiye a bayan ƙofa don sadaka, ta zaro tsohon zanen da ta yi takabar da shi, wanda wanki ya cinye launinsa. Ta ɗaura shi a kan sabuwar rigar, tun daga ƙirji har ƙasa. A haka ta fita ta durƙusa a gaban dangin mijinta, aka yi mata addu'a, ni kuwa ina tsaye a bayan labule har aka shafa.