Idonki na Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, aka bugo mini cewa Allah ya karɓi ranki, Anti mai haɗa magani, bayan jinyar kwana shida.

Shekara huɗu ke nan da na fara tsayawa a 'yar tagarki ta bayan asibiti, riƙe da hannun autata. Likita ya ce in ba a ɗiga mata magani sau huɗu a yini ba, idonta na dama zai tafi. Ita kuwa da ta hango kwalbar sai ƙarƙashin gado, don yajinsa kamar barkono. Mun yi lallashi, mun yi tsawa, har danne ta mun yi, Allah ya yafe mana.

Ba ki yi mana faɗa ba. Kika tuntuɓi likita, kika ɗauko wani farin gari mai suna tiris. Kika ce shi ke rage tsamin magani har ido ya iya jurewa, kuma har a ƙarin ruwa akan sa shi idan tsami ya yi yawa a jinin majinyaci. Kika auna, kika haɗa da maganin, kika tace, kika duba a na'ura. Sannan kika cire tabarau, kika ɗiga a idonki na hagu.

"Auta, kalle ni. Na yi kuka?"

"A'a, Anti."

"To, kawo naki."

Ran nan na gane dalilin jan idonki da muke tsoro a kan layi, muna raɗa cewa masifa ce. Ashe duk haɗin da za ki ba yaro sai kin fara gwada shi a kanki. Na ce ai ga na'ura. Kika ce, "Baban Auta, ita na'urar tana da ido ne?"

Ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba, kullum sai in ce sai wani zuwan. Abin yana ci mini rai.

Jiya hawaye ya hana ni duba wannan rubutu. Auta ta karɓi takardar, ta rufe idonta na hagu da tafin hannu, ta karanta mini tsaf da na daman.

Ga maigidanki da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Allah ya jiƙanki, Anti, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki kamar yadda kika zama sanadin hasken idon 'yata. Amin.