Sunan 'Yar Fari a Washington

Muna idar da sallar asuba muka bar gidanmu a Lanham, ni da 'yata ta fari, ita ke tuƙi. Wai kada cunkoso ya riƙe mu, alhali Asabar ce, titi fayau. Muka isa Washington ko ƙofar wurin taron ba a buɗe ba. Kuɗin ajiye mota kuwa, a Kano ya isa a yi walima.

Nazarinta za ta gabatar a wani ɗakin karatu, kan gajerun labaran baƙaƙen fatar Amurka. Ni likita na so ta zama, ta zaɓi adabi, kuma tun lokacin take jiran ta ji na ce ta kyauta.

Tsofaffin matan unguwar, baƙaƙen fatar Amurka, suka cika wurin, kowace da hula kamar faifai. Yarinya ta ce a labaran nan suna ba abin wasa ba ne. An raba kakanninsu da sunayensu a zamanin bauta, shi ya sa uwa a labari take kiran ɗanta da cikakken suna, da ƙarfi, kowa ya ji. Tana magana suna amsawa, har da tafi. Ni ina zaune ƙyam, amma daɗi ya cika ni.

Aka kawo dafaffen ganye da wake da burodin masara. Sai da na tabbatar babu alade, sannan na ci har na ƙara. Wata tsohuwa ta kama hannuna, ta ce da Turanci, "Ke kika haife ta? Kira ta mu yi hoto."

Na ɗaga murya, "Ke! Wannan! Zo nan."

Tsohuwa ta zaro ido. Yarinya ta yi mata bayani cewa a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Da dariya ta faɗa, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Mu ƙwace mana aka yi. Ke kina da shi, kika ɓoye?"

Duk hanyar dawowa maganar na cina. Muna shiga layinmu na duba hagu da dama, babu kowa, na kira sunanta, na ce ta kyauta. Birkin da ta taka sai da ɗankwalina ya faɗo.

Tafiyar nan ta koya mini cewa kunya na da wurinta, amma ɗa na bukatar jin sunansa a bakin uwarsa. Sai dai a bari ya ajiye motar tukuna.