Sabon Fentin Tela

Yana tsaye a gaban shagon tela, gilashi a goshi, wando yagagge a gwiwa, irin yagar da ake saye da tsada. An ce shi ne mai shirya fim a kan yadda garinmu ke mutuwa tun da aka rufe masaƙa. Kallonmu yake kamar mai zaɓen kayan gwanjo.

Tela ya ji za a ɗauki layinsu a fim ɗin, shi ne jiya ya yi wa ƙofarsa sabon fenti shuɗi. Mai fim sai yatsina fuska yake.

"Baba, ka ɓata min aiki," in ji shi. "Tsohuwar nake so."

Ya tsuguna ya ɗebo taɓo a bakin kwata, yana shafa wa ƙofar, har da gyarawa da ɗan yatsa. Na tabbata hannun nan bai taɓa riƙe tsintsiya ba.

Tela na tsaye cikin rigarsa mafi kyau. "Ɗana, ni ma a shafa min ne?"

Mai fim ya ƙare masa kallo. "A'a, Baba. Kai ka yi daidai a haka."