Gahawar Neman Gafara

Ragib ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shafa wa bangon mutane farar ƙasa a ƙauyensu da ke bayan garin Travnik, daga masallaci har kejin kaji. Da ya tsufa, aikin ya ƙi rabuwa da shi, ya koma ciki. Ranar da hawan tudun gidansa ya fara matse masa ƙirji, likita a birni ta ce jijiyoyin zuciyarsa sun yi ɓawo mai tauri kamar tsohon bango.

"Ka gani?" in ji matarsa Zumreta. "Bangon ɗakin girkina ya yi baƙi ƙirin ina roƙonka, ashe cikinka ka tsaya yi wa shafe."

Likitar, Nermina, ta yi masa bayani dalla-dalla. Za a saka shi cikin na'ura a ɗauki hoton zuciyar, a ga inda ɓawon yake da kaurinsa. In a wuri ɗaya ya taru, sai a zura siririyar waya ta wuyan hannu a farfasa shi. In ya game ko'ina, ko ba a gan shi sosai ba, sai a tsaga ƙirji. Sharaɗi ɗaya ne: ranar hoton kada ya sha gahawa, don sai zuciya ta natsu hoto ke fita.

Ragib bai tsoron tsani, bai tsoron kare, amma ya taɓa ganin ƙirjin surukinsa bayan an ɗinke shi kamar buhun dankali. Tun daga ranar ya yi rantsuwa nasa ƙirjin a rufe zai shiga kabari.

To a ƙauyen nan ba a tafiya asibiti kamar ɓarawo. Sai ka bi gida-gida ka nemi gafara, kowa ya yafe maka, kai ma ka yafe. Kuma yafiyar da ba a kora da gahawa ba, ai gaisuwa ce kawai. Da sassafe Ragib ya sa kwat ɗin biki ya fara zagaye. A gidan limami ya ce likita ta hana.

Limamin ya ce, "Kurɓi ɗaya ne, Ragib. Likita ta san girman finjalinmu?"

A gidan ƙanwarsa aka ce wannan ta maraba ce, ba ta cikin lissafi. Ƙarshe ya isa gidan Avdo, maƙwabcin da suka tsufa suna rigima kan bishiyar tuffar da ke kan iyaka: saiwa a gonar Ragib, 'ya'ya a tsakar gidan Avdo.

"Maƙwabci, ka yafe mini."

"Na yafe, tunda tafiya za ka yi," in ji Avdo, yana tsiyaya wata mai kauri da cokali zai tsaya a ciki. "Tuffar fa, kar ka damu, zan kula da ita."

Ragib ya isa asibiti ido a tsaye, zuciya na sukuwa kamar akuyar da ta tsinke igiya. Aka ba shi ƙwayar da ke rage bugu, zuciyar ta yi mata dariya. Hoton ya fito dishi-dishi.

"Kawu Ragib, me ka sha?" in ji likitar.

"Ban sha komai ba, 'yata. Gafara kawai na nema."

"Gida nawa?"

"Ƙauyen namu ba shi da girma."

Nermina ta juya masa allon. "Ka ga wannan farin hazon? Ko ɓawo ne, ko rawar zuciyarka ce, ban sani ba. Ni kuwa ba na shiga jijiyar mutum da lalube. Zan sake ba ka rana. In ka sake zuwa haka, masu wuƙar tiyata na saman bene suna nan, ba sa gajiya."

Ranar komawa Zumreta ta ɓoye butar gahawa, ta tsaya bakin ƙofa kamar soja. Saura kaɗan su kai mota sai ga Avdo da faranti, gahawa na tururi, ga ƙwayar sukari a gefe.

"Waccan yafiyar ta tashi, tunda ka dawo da ranka. A sabunta."

Ragib ya dubi finjalin, ya shafa ƙirjinsa. Duk ƙauyen na leƙe ta taga.

"Ba zan sha ba, Avdo."

"Ka ƙi gahawata? A gaban mutane?"

"Na ƙi. Kuma tuffar tawa ce."

A wannan karon zuciyar ta kwanta luf, don babu abin da ke sanyaya ran Ragib kamar faɗa wa Avdo magana. Hoton ya fito tar: ɓawon ya yi zobe a jijiya ɗaya, sauran da dama-dama. Aka bi ta wuyan hannu aka farfasa shi, aka sa ɗan bututun da zai riƙe hanyar a buɗe. Tabon bai kai cizon sauro ba, abin da ya ɓata wa Ragib rai ƙwarai, don ba shi da abin nunawa a shagon aski.

Yanzu yana hawa tudun ba tare da tsayawa ba. Avdo bai sake gaishe shi ba, ya ma ƙara wa shinge tsawo. Kullum da hantsi Ragib kan fito, ya ɓalle maɓallan rigarsa, ya tsaya ƙarƙashin tuffar da ƙirjinsa sumul, ya ɗaga murya yana tambayar Zumreta ko ta ga ɓarawon 'ya'yan itace yau. Bangon ɗakin girki kuwa yana nan baƙi ƙirin. Likita, in ji shi, ta hana shi kusantar farar ƙasa.