Garin Kawu a Allon Kwamfuta

Na fara aiki a wani ofishin zanen taswira da ke Sama Road lokacin da kuɗin man fetur ke yawo, ana ta yanka hanyoyi da haƙa rijiyoyin burtsatse. Aikina rubuta sunayen garuruwa a kan taswira da alƙalami da tawada. In wuri ya cushe sai in ƙanƙanta rubutun ko in karkata shi.

Shekaru suka ja, soja na ta karɓar mulki daga hannun soja, sai aka kawo mana kwamfuta guda. Ni aka tura kwas na koyo yadda ake rubuta mata umarni. Aikin farko da aka ba ni shi ne taswirar rijiyoyin yankin Wamakko, wadda masu gyara za su riƙa bi. Kowace rijiya ɗigo ce, gefenta sunan gari da ɗan bayani: tana aiki, ta ƙafe, ko famfo ya lalace.

A tudu komai ya fito fes. Amma bakin gulbi, inda garuruwa ke manne da juna, rubutu ya hau rubutu har ba a iya karanta ko ɗaya. Sai na kafa mata doka: in sunaye biyu suka yi karo, na babban gari ya fito, na ƙarami ya ɓoye sai an faɗaɗa wurin. Shugabanmu ya duba ya ce ya yi.

Cikin makon nan kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kawo shinkafa kasuwa daga garinsu na bakin gulbi ya sauka gidanmu a Ƙofar Taramniya. Ya ji labarin ina da talabijin mai zana ƙasa, ya ce sai ya gani. Na kai shi ofis, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya bayana.

“Wanga shi na gulbi?” ya tambaya.

Na ce, “Shi ne, Kawu.”

Ya bi shi da yatsa har ya kai kwanar da ya sani. “Tau, ina garinmu shike?”

Ɗigon na nan, amma babu suna, babu bayani. Garin da ke maƙwabtaka da su, mai kasuwa, ya danne shi. Na yi masa bayanin dokar, na faɗaɗa wurin, sunan ya fito da “famfo ya lalace” a ƙarƙashinsa.

“Masu gyaran da wanga akwati za su taho?”

“A’a, takarda za a buga musu.”

Sai ya ce, “Ashe shi ma inji ya san babba da ƙarami. Matanmu gulbi suka ɗibar ruwa tun bara, ɗana.”

Ya juya ya sa takalminsa.

Washegari na sami shugabanmu na nemi ya ƙara mini lokaci. Ya ce ana jiran taswirar daga sama, amma ya yarda. Na sauya dokar: duk rijiyar da ta lalace, bayaninta ne zai fara fitowa, komai ƙanƙantar garin. Wanda bai sami wuri ba kuma, a ja siririn layi daga ɗigon zuwa cikin fadama inda babu gidaje, a rubuta shi can. Aikin ya ba ni wuya, ga ɗaukewar wuta, wani lokaci in sake daga farko. Taswirar ta fito da layuka kamar gashin baki, ba ta kai ta farko kyau ba, amma kowane gari ya fito.

Masu gyara ba su isa garin Kawu ba sai bayan damina, domin hanya ta yanke. Da suka je sun gyara. Na aika masa da takarda guda daga cikin waɗanda aka buga. Ba ya karatun boko, don haka ya sa limaminsu ya rubuta sunan garin da ajami a gefen nawa, ya manna ta a bangon zaurensa.