Fatsuma da Ta Ƙi Ajiye Taɓarya

Ina ɓarar gyaɗa a gindin rumbu da hantsi Raihana ta shigo ba sallama, mayafinta a hannu. Raihana matar Ishaƙu ce, ɗan farin aminiyata Fatsuma. Ta durƙusa ta ce, "Inna Biba, Inna ta cika." Na yi salati. Ƙwaryar gyaɗar ta zube, kaji suka taru a kai, ban ko kore su ba.

Ni da Fatsuma tun muna 'yan mata muke tare a Maijirgi. Rijiya ɗaya muka ja, mazanmu kuma maƙwabta ne. Mace ce siririya mai saurin tafiya, in kuna hanya sai ki riƙa haɗawa da ɗan gudu.

A wajenmu, ranar da ɗanki ya kawo mata gida, ranar kin ajiye taɓarya. Suruka ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce itace. Ke taki tabarma da carbi. In aka ga uwar miji da tulu a ka, ba ita za a zaga ba, surukar za a zaga. Raihana kuwa yarinya ce mai kunya, ko buta ba ta bari Fatsuma ta ɗauka. Ishaƙu ma da kasuwa ta karɓe shi a Tasawa, kullum yana aiko mata da shayi da madara da nama. Muka ce Fatsuma ta ci ribar haihuwa.

Shekaru kaɗan ta yi jiki, gwiwoyi suka riƙe, sallah ma a zaune. Wata rana jiri ya kayar da ita a bakin ɗaki. Ni na raka ta gidan likita a kan amalanken jaki. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya auna ta ya ce tansiyo ce, jininta ya hau. Ya ba ta magani, ya ce ta rage gishiri, sannan ya tambaye ta aikin da take yi.

Ta ce, "Ni? Ai na yi suruka."

Ya yi dariya ya ce, "To Inna, hutun nan ne ke cin ki. Ki sha magani, amma ki tashi ki yi tafiya kullum."

Muka kama hanyar komawa. Na san abin da ke ranta. Uwarta ta yi shekaru kwance da shanyewar ɓarin jiki, Fatsuma ce ke juya ta, ita ke wanke ta. Da muka kusa gari ta ce, "Biba, ni ba za a juya ni ba. In Allah ya yarda da ƙafata zan kai ranata."

Washegari ta ɗauki sanda ta nufi gamanarta, 'yar gonar da mai gidanta marigayi ya yankar mata. Ba ta kai rabin hanya ba ta zauna tana haki. Ta sake fita kashegari. Kafin damina ta faɗi tana zuwa ta dawo, har ta roƙi Raihana ta bar mata dakan fura.

Nan magana ta tashi. A rijiya ana cewa matar Ishaƙu ta mai da tsohuwa baiwa. Masu amalanke su tsaya mata a hanya, ta ce su wuce, su kuma su kai labari. Ishaƙu ya zo daga Tasawa ransa a ɓace, ya ce ana nuna shi a kasuwa. Raihana ta ɓoye taɓarya a bayan rumbu, tana kuka tana cewa, "Inna, ki rufa mini asiri." Fatsuma ta zo wurina da idonta ja. Ta ce in ta zauna ta mutu a zaune, in ta tashi ta kashe yarinyar mutane da baki.

A wani suna ta warware abin. Mata sun cika gida, ana raba goro, sai ta miƙe tsaye, abin da tsohuwa ba ta yi. Ta ce, "Ku ji da kunnenku. Yarinyar nan ba ta sa ni aiki ba, ni na ƙwace. Likita ya rubuta mini taɓarya. Mai son zagi ta zo ta zage ni, ga ni." Wata ta ce, "To ki zo ki daka mini nawa mana, tunda magani ne!" Fatsuma ta ce, "Naki maganin ne, kin fi ni tumbi." Aka kwashe da dariya, har Raihana.

Daga baya tsofaffi biyu uku suka fara bin ta gamana da safe. Ni na daɗe ina nawa, don ni ma na yi suruka kuma tabarma da daɗi. Sai ta riƙa tsayawa a ƙofar gidana tana buga sanda: "Hajiyar tabarma, a fito!" Kunya ta sa na fita.

Allah shi ke da kwana, ban ce tafiya ta ƙara mata ko yini ba. Abin da idona ya gani shi ne ta koma sallah a tsaye, ba ta bar maganinta ba, ta yi shekara goma sha wani abu tana tafiyarta, ta goya jikokinta. Allah ya jiƙan ki, Fatsuma, ya sa kin huta hutun da ba ya cutarwa.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke ta. Jajibirin rasuwarta na je duba ta da la'asar. Da na tashi tafiya sai ta jawo sanda za ta raka ni. Raihana ta miƙo hannu, ta ce a'a, ita kaɗai. A hankali muka kai bakin zaure.

Na ce, "Koma hakanan, kin gaji."

Ta ce, "Ke dai tafi ina kallo. Kin fara jan ƙafar hagu, kwana biyu ba ki fita ba ko?"

Na ce, "Ke nake jira ki warke."

Ta ce, "Kar ki jira ni. Gobe ki je gamana, ki duba mini waken nan."

Na ce, "To, zan je."