Ranar da na hau soro ban yi sanarwa ba

Akwai ranar da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah, ranar da aka yi husufin rana a Azare. Ni mutum ne mai rawar kai a kan ɗaukar hoto, ballantana lokacin na yi sabuwar waya. Na roƙi baƙin gilashi wurin mai walda, na kara a kan kyamarar, na haye soron gidanmu da gudu.

A unguwarmu namiji ba ya hawa soro sai an sanar da maƙwabta, don mata su kintsa. Tun ina ƙarami na san haka, amma ɗoki ya mantar da ni. Na yi ta ɗauka, daga baya na cire gilashin na ɗauki sararin sama da rufin gidaje. Ko dubawa ban yi ba na ɗora a sitatus, ina jiran yabo.

Ban gama saukowa ba sai ga kira daga wanda ya sayar mini da wayar, wani ɗan kabilar Ibo da ya daɗe a garin nan. Ko gaisuwa babu ya ce, "Malam, goge hoton nan na ƙarshe yanzu-yanzu! Duba ƙasa ta hagu."

Na buɗa hoton, na duba inda ya ce. Tsakar gidan maƙwabcina Alhaji ce, ga Hajiyarsa da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta sunkuya tana kallon ranar a cikin bahon ruwa. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da hijabi! Nan take na goge. Mutum huɗu suka riga suka gani, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse bai adana ba.

Da la'asar na je na durƙusa gaban Alhaji na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Ai ba ni ka ɗauka ba. Tashi mu je ka faɗa mata."

Daga bayan labule Hajiya ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Da ka yi shiru, da ban sani ba har abada. Na yafe maka, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Har gobe ina yi wa mutanen nan uku, mai waya da Alhaji da Hajiya, fatan alheri, domin sun rufa mini asiri a ranar da na kusa tona na wata. Abin da na koya shi ne, waya ba ta san kunya ba, ba ta san haƙƙin maƙwabci ba. Mai riƙe da ita ne ya kamata ya sani, kafin ya danna.